Zaman natsuwa ya kawo min sauƙi, amma maigida ya ce bautar gumaka ce

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar sakandare ce a Zariya, shekarata 39, 'ya'yana huɗu. Tun bayan haihuwar autana likita ya ce ina da hawan jini, ya ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe. Bara da kasuwar maigidana ta karye sai faɗuwar gaba ta sako ni gaba. Haka kawai zuciyata ta kama bugawa, in kwanta bayan isha'i a yi kiran assalatu idona biyu. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta sa min wata manhaja a waya, ta ce in riƙa zama minti 15 in rufe ido in bi numfashina, irin abin nan da ake ce wa zuzzurfan tunani. Wallahi wata uku ke nan ina yi, kuma na ga canji. Ina samun barci, na rage yi wa yara tsawa.

Sai na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa masana a Amurka sun gano cewa mako takwas na wannan zama yana canza ƙwaƙwalwa, har yana warkar da hawan jini. Daga nan na fara tsallake maganina. Yanzu sati uku ban sha ba, kuma ba na jin komai. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar nan maigida ya shigo ya tarar da ni zaune ido rufe, muryar wata Baturiya na magana a waya, ana kaɗa wata 'yar ƙararrawa. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce wannan ibadar mabiya Buddha ce, wai salla da zikiri ba su ishe ni ba? Ya ce kada ya sake gani. Ya kira ƙanwata ya wanke ta tas, yanzu ba sa ga maciji da juna. Ni kuma tsoro nake in na daina in koma gidan jiya. Anti, binciken nan gaskiya ne? Zan iya barin maganin? Ko in ci gaba da zamana a ɓoye?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah Ya ƙara miki sauƙi, Ya buɗa wa maigida wata ƙofar. Tambayoyi uku kika yi, amma wadda kika cusa a tsakiya kamar ba komai ba ita ta fi tayar min da hankali, don haka da ita zan fara. A'a, ba za ki bar maganin ba. Yau ko gobe ki je a auna jininki, ki gaya wa likitan da ya rubuta miki ƙwayar cewa sati uku rabonki da ita, ya faɗa miki yadda za ki koma kanta. Kada kunya ta sa ki rage kwanakin, ba ke ce ta farko da ta taɓa zuwa masa da wannan labari ba. In kuwa kafin nan kika ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dishe, ko ƙirji ya riƙe, ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko baki ya karkace, ba a jiran gari ya waye, asibiti za a nufa a lokacin.

Kin ce ba kya jin komai. Ai shi ya sa ake ce masa mai kisan mummuƙe. Mutum na iya yawo da jini 170 bisa 100 yana raha a ɗakin malamai, ɓarnar kuwa tana can tana tafiya a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce "jiya-jiya muka rabu da ita lafiya lau". Sauƙin da kika samu a zuciyarki gaskiya ne, ban musa miki ba. Amma natsuwar rai daban, awon jini daban, kuma na'ura ce kaɗai ke faɗin na biyun.

An gwada irin wannan zama a kan masu hawan jini, kuma sakamakon bai kai inda mai bidiyonki ya kai shi ba. A Jami'ar Brown ta Amurka an raba mutum 201 gida biyu, aka koya wa rabi zaman natsuwa na mako takwas, haɗe da koyar da su kula da abinci da motsa jiki da shan magani a kan lokaci. Rahoton da ya fito a 2023 ya nuna bayan wata shida lambar sama ta jininsu ta fi ta sauran sauka da kamar maki 4 da rabi. Ki lura, a cikin darasin har da shan magani, ba barinsa ba. A Toronto ta Kanada kuma an gwada a kan mutum 101 masu hawan jini da ba sa shan komai, aka buga sakamakon a 2014, ba a ga jinin ya sauka ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta duba abin da ke ƙasa a 2017, ta ce ana iya ƙara wannan zama a kan maganin da aka sani, a matsayin ɗan taimako, tunda ba shi da tsada kuma haɗarinsa kaɗan ne. Iyakar abin da ta ce ke nan. Yi lissafin da kanki, ke malama ce: wadda jininta ke 160, in aka cire mata maki 5, tana nan dai cikin masu hawan jini.

Yanzu mu zo kan ƙwaƙwalwa. Maganar mako takwas ba daga iska aka tsinto ta ba. A 2011 wasu masu bincike a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, cikinsu har da Britta Hölzel da Sara Lazar, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 16 da na'urar MRI kafin su shiga kwas ɗin zaman natsuwa da kuma bayan sun gama, suka kwatanta da wasu 17 da ba su yi ba. Suka ce sun ga ɗan ƙarin kauri a wasu wurare, musamman sashen da ke taimakon koyo da riƙe abu. Jaridun duniya suka ɗauka, kuma har yau wannan labarin ake ta juyawa a bidiyo. Mutum 16 fa, ko rabin ajinki ba su kai ba.

Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne an sake gwajin. A Jami'ar Wisconsin aka ɗauki mutum 218 da ba su taɓa yin wannan zama ba, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu suka yi kwas ɗin, wasu suka yi wani kwas na kiwon lafiya mai motsa jiki da bayanin abinci, wasu aka bar su suna jira. Da sakamakon ya fito a 2022, babu wani bambancin kauri ko girma da aka gani tsakanin ƙwaƙwalen rukunan uku. Kuma ba 'yan adawa ne suka yi aikin ba. Cibiyar Richard Davidson ce, mutumin da shi kansa ya daɗe yana wannan zama, wanda ya yi suna tun 2004 da auna ƙwaƙwalen ƙwararrun masu zuzzurfan tunani na addinin Buddha irin na Tibet, waɗanda suka shafe awa 10,000 zuwa 50,000 suna yi. Ni dai mutumin da ya buga sakamakon da bai yi masa daɗi ba ya fi shiga raina a kan wanda kullum bincikensa ke fitowa yadda yake so. Labarin 2022 bai samu masu yi masa bidiyo ba, saboda "ba a ga komai ba" ba ya tara 'yan kallo.

To in ba girma ƙwaƙwalwar ta yi ba, me ya kawo miki barci? Abin da kika koya wata dabara ce, kuma akwai bayaninta. Masana sun gano wasu sassa na ƙwaƙwalwa da ke tashi aiki tare duk lokacin da mutum bai duƙufa kan komai ba, su ne ke kai ki jiya su kai ki gobe. Su ne ke aiki ƙarfe biyun dare, kina kwance kina lissafin kuɗin makarantar yara, daga nan ki tsallaka kan haya, ki dawo kan maganar da dangin miji suka yaɓa miki ranar suna. Wasu masu bincike biyu a Harvard sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban na yini, suka ruwaito a 2010 cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin lokacin sun fi zama cikin rashin walwala. A 2011 kuma a Jami'ar Yale an ga cewa waɗannan sassa sun fi lafawa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka daɗe suna zaman natsuwa, duk da shi ma mutane kaɗan aka auna. Aikin da kike yi a minti 15 ɗin nan shi ne ki lura hankalinki ya tafi, ki dawo da shi kan numfashi, ya sake tafiya, ki sake dawo da shi, kamar akuyar da ta saba tsinke igiya, ba duka ba zagi, a jawo ta a mayar turke. Da yawan maimaitawa sai ki fara kama shi tun bai yi nisa ba, har da daddare.

A kan damuwa da faɗuwar gaba kuwa, hujjar da ke akwai ta fi ta hawan jini ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tace dubban rubuce-rubuce suka fitar da gwaje-gwaje 47 masu inganci, da suka ƙunshi mutum 3,515. Suka samu cewa zaman yana rage damuwa da baƙin ciki mai nauyi da raɗaɗin ciwo, ragi matsakaici. A kan barci da rage ƙiba da ƙarfin mayar da hankali ba su samu hujjar kirki ba. Kuma ba su ga inda ya fi magani ko motsa jiki ba, wannan ki riƙe shi, zai yi mana amfani a gaba. Sai a 2022 wata likita a Jami'ar Georgetown, Elizabeth Hoge, ta jagoranci gwaji a kan mutum 276 da aka tabbatar suna da ciwon damuwa. Rabi aka ba su ƙwayar escitalopram da likitoci suka saba bayarwa, rabi suka yi kwas ɗin mako takwas. Duka ɓangarorin biyu ciwon ya ragu da kamar kashi 30 cikin 100, ba wanda ya tsere wa wani, sai dai masu shan ƙwayar sun fi yawan ƙorafin tashin zuciya da ciwon kai da kasala. Saboda haka ƙanwarki ba shirme ta kawo miki ba.

Sai dai kwas ɗin da ake gwadawa a irin waɗannan bincike ba wasa ba ne. Aji ne na awa biyu da rabi kowane mako a gaban malami, da yini guda cur na zama, da minti 45 kullum a gida. Manhajar waya ta minti 15 ƙaramin abu ce a kansa. Tana iya taimakawa, ga shi ta taimake ki, amma duk mai tallar manhaja da ya jingina kansa da waɗancan alƙaluma aron riga ya yi.

Akwai kuma ɓangaren numfashi, wanda a ganina nan mafitar gidanki take. Duk sa'ad da mutum ya saki numfashi a hankali, wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da huhu da ciki tana ɗan rage wa zuciya gudu. Ki sa yatsa a wuyan hannunki ki gwada, za ki iya jin bugun ya ɗan yi sauri in kin ja iska, ya lafa in kin sake ta. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutum 23 suna jan carbin Katolika da harshen Latin, sannan suna maimaita wasu kalmomin masu yoga. Duka biyun sun saukar da numfashinsu zuwa kamar sau 6 a minti, kuma duka biyun sun daidaita aikin zuciya da jijiyoyin jini iri ɗaya. Tun a shekarun 1970 wani likitan zuciya a Harvard, Herbert Benson, ya kai ga irin wannan matsaya. Ya ce abu biyu ake buƙata: a maimaita wata kalma ko addu'a ko a bi numfashi, sannan in tunani ya kutso a ƙyale shi a koma. Majinyatansa ma cewa yake kowa ya zaɓi kalmar daga abin da ya yi imani da shi. Wato ba muryar Baturiyar ce ke aikin ba, ba kuma ƙararrawar ba.

Wannan ya kawo mu kan maigida, kuma ina so ki yi masa adalci, don ba duk maganarsa ce ta faɗi ƙasa ba. Kwas ɗin mako takwas ɗin nan wani masanin kimiyya ne, Jon Kabat-Zinn, ya kafa shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, kuma shi da kansa ya faɗa cewa a wurin malaman addinin Buddha ya koyo dabarun. Ya cire ibadar ya bar atisayen, domin masu ciwo mai naci da asibiti ya rasa yadda zai yi da su. 'Yar ƙararrawar da maigida ya ji ma daga can aka aro ta. Akwai kuma wasu nau'o'in zaman da ake ba mutum kalmar Sanskirit, wani tsohon harshen Indiya, ya riƙa maimaitawa, har a yi wani ɗan biki irin na Hindu ranar da za a ba shi. Musulmin da ya ji wannan ya ja da baya bai yi laifi ba. Ki sa kanki a matsayinsa kuma: mutum ne da kasuwarsa ta karye, wanda wataƙila yana ganin shi ya jawo miki wannan damuwa, ya shigo ɗakinsa ya tarar da matarsa ido rufe tana neman sauƙi a muryar baƙuwa, wata uku ana yi ba wanda ya ce masa uffan, amma ƙanwarki ta sani. Ina zargin rabin fushin nan ba na aƙida ba ne, na wanda aka bari a waje ne.

Inda ya kuskure shi ne tambayar da ya jefa miki, wai salla da zikiri ba su ishe ki ba. Na san ta yi miki zafi, don ma'anarta kamar imaninki ne ya yi rauni. Damuwa ba raunin imani ba ce. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ne ya ba mu labari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa, kuma shi ne ya ce bayin Allah su nemi magani. Ba wanda ke ce wa mai ciwon suga "zikiri bai ishe ka ba?" in ya ga yana zagaya fili da sassafe. Kiran ƙanwarki ya yi mata faɗa ma wuce gona da iri ne, da ke ya kamata ya zauna.

Amma batun ci gaba a ɓoye, ban ba ki wannan shawara ba. Gidan da ke da yara huɗu ba a ɓoye abu ya kwana biyu, ranar da autanki zai ce "Mama tana rufe ido a ɗaki" kuwa, magana ta tashi daga ta manhaja ta koma ta amana. Ban da haka, wace natsuwa za ki samu kina zaune kunnenki ɗaya na kan ƙarar buɗe ƙofa? Faɗuwar gaban da kike gudu ita za ki gayyato.

Ga abin da nake ganin ya fi. Ki goge manhajar, ba kya buƙatarta kuma, wata uku sun isa ki iya abin da kanki. Ki samu lokacin da maigida ya ci ya sha hankalinsa na kwance, ba da yara a wurin ba, ki fara da abin da ya fi wuyar faɗa. Ki ce masa, "Baban yara, akwai abin da na ɓoye maka wanda ya fi na wayar nan muni. Sati uku na yi ban sha maganin hawan jinina ba. Na koma shan sa yanzu, amma ina so ka raka ni asibiti ranar da zan koma." Daga nan ki ce kin ji maganarsa, kin cire muryar da ƙararrawar, abin da ya rage jan numfashi ne da saki, ki yi a gabansa ya gani da idonsa. Mafi yawan maza in aka ba su matsayin mai taimako sukan sauko daga matsayin mai hani. In har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ni ba malama ba ce balle in ba da fatawa. Ku je tare wurin malamin da shi ya yarda da shi, amma ke za ki yi bayanin da bakinki, dalla-dalla: babu kalmar wani addini, babu sunan wani abin bauta, babu niyyar ibada, numfashi ne ake ƙirgawa don lafiya. Yadda aka kai tambaya shi ke yanke irin amsar da za a samu, in aka je aka ce "matata tana ibadar Buddha", an riga an san abin da malam zai ce.

Yadda za ki yi zaman kuwa ba wuya. Bayan asuba kafin gida ya tashi, ko bayan isha'i, ki zauna yadda kika saba zama, ba sai kin naɗe ƙafa irin na hotuna ba, ba ma dole ki rufe ido ba, kina iya sauke ganinki ƙasa. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga 4, ki sake ta a hankali kina ƙirga 6. Hakan zai ba ki kamar numfashi 6 a minti. In kin ji jiri kin cika ja ne, ki sassauta. Minti 10 sun isa. Wannan ki ɗauke shi a matsayin motsa jiki, kada ki cakuɗa shi da ibada, don kada a buɗe wata sabuwar gardamar a kan bidi'a. In kin gama sai ki yi azkar ɗinki yadda suka zo, amma a tsanake, kina jin abin da bakinki ke faɗa. Ke ma kin san bambancin tasbihi 33 da ake kwararowa ana leƙen tukunya da wanda aka zauna aka yi. Dawo da hankali da kika koya zai bi ki har cikin salla, kuma ba na jin akwai mijin da zai yi faɗa don matarsa ta ƙara khushu'i.

In duk da haka maigida ya kafe, kada ki mayar da abin yaƙi, kuma kada ki ɗauka an rufe miki ƙofa. Ki tuna masanan Johns Hopkins ba su ga inda zaman ya fi motsa jiki ba. Tafiya da ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako, tana rage damuwa, kuma amfaninta a kan hawan jini sananne ne. Kina iya yinta a filin makarantarku bayan an tashi, ke da wata abokiyar aiki. Akwai kuma jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum kama tunanin da ke tayar masa da hankali ya warware shi, ita ce ma likitoci ke fara ba da shawara a kanta ga mai rashin barci da ya daɗe. Ki tambaya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin an haukace, da yawa daga cikin masu zama a layin irinki ne, malamai da 'yan kasuwa da matan gida da barci ya gagara.

Wani abu da masu talla ba sa so a ambata: zaman nan ba kowa yake karɓa ba. Wani nazari da ya tattara bincike 83 a 2020 ya samu cewa kamar mutum 8 cikin 100 sun gamu da abin da bai yi musu daɗi ba, galibi ƙaruwar damuwa ko baƙin ciki. Waɗanda suka taɓa shiga wani tashin hankali mai tsanani, kamar haɗarin mota ko harin 'yan bindiga, wani lokaci da sun yi shiru sun rufe ido sai abin ya dawo musu sabo. In kika ga zaman ya fara ƙara miki bugun zuciya, ko kina jin kamar ba a jikinki kike ba, ki buɗe ido ki tashi ki taka ƙasa, ki bar shi sai kin yi magana da likita. In kuma wata rana tunanin cutar da kanki ya zo miki, a ranar za ki faɗa wa wani, a ranar za a je asibiti.

Ƙanwarki kuma ki kira ta tun kafin ta ji a bakin wani. Ki shirya, in ta ji kin bar magani sati uku faɗan da za ta yi miki sai ya fi na maigida, kuma tana da gaskiya. Ki roƙe ta ta zo gida ta gaishe shi, ita ce ƙarama, ba don ta yi laifi ba sai don a samu bakin zaren. In ta zo ta taho da na'urar awon jini, ta nuna muku yadda ake amfani da ita, ta auna ku ku biyun. Mutumin da ya yi asara irin wadda ya yi bara, ban yarda jininsa na zaune lafiya ba, kuma ƙila shi ma idonsa biyu yake kwana, bai dai faɗa ba.

Ranar da za ki ga likita ki nemi a duba miki ko akwai ƙarancin jini, a kuma duba ƙwayar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, domin in tana aiki fiye da kima tana kawo bugun zuciya da rashin barci da ake ɗauka damuwa ce zalla. Ki gaya masa duk abin da kike sha, har da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da muke saya a kemis kamar alewa, suna ɗaga jini. Shayi mai kauri da kofi ki bar su daga azahar. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen da ake marmasawa a miya da wanda ke cikin yaji, kanwa ma ki yi hattara da ita.

Sai ki samu ƙaramin littafi. Safe da yamma ki zauna minti biyar ki huta, ki auna jinin ki rubuta, a gefe ki sa ko kin sha magani, ko kin yi zaman numfashi ko tafiya, da kamar awa nawa kika yi barci. Ki riƙa tafiya da shi duk ranar asibiti. In lambobin suka sauka suka zauna wata da watanni, likita na iya rage miki ƙwayar da kansa, yana yiwuwa kuma ya ce a ci gaba a haka, kowanne ya faɗa ki bi. Ki rubuto min bayan wata guda in ji yadda kuka kwashe da maigida, da abin da na'urar ta nuna a hannunsa.